BABI NA UKU: KUƊIN MAKARANTA, TALLAFIN KARATU DA BUƊE ƘOFAR SHIGA A KWALEJOJIN AIKIN GONA NA ƘASAR INGILA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ake biyan kuɗin makaranta a kwalejojin aikin gona na ƙasar Ingila, da irin tallafin da ake bai wa ɗalibai marasa ƙarfi, da kuma ƙoƙarin da hukuma take yi domin ganin 'ya'yan talakawa da waɗanda ba su gaji noma ba sun samu shiga waɗannan makarantu. Za a fara da bayyana ma'anar waɗannan kwalejoji da asalinsu, sannan a bibiyi tarihin kuɗin makaranta daga shekarar 1962 zuwa 2025. Bayan haka za a duba ire-iren tallafi, da yarjejeniyar da doka ta wajabta wa kowace kwaleji, daga nan sai a kawo matsalolin da suka keɓanta ga makarantun noma.

Abin da babin yake son nunawa shi ne, tun daga shekarar 2006 da aka mayar da kuɗin makaranta bashin da ake biya bayan kammala karatu, nauyin da ke danne ɗan talaka ya koma kan masauki da abinci da sufuri da kayan aiki, da kuma rufewar wasu kwalejojin baki ɗaya. Ya kamata a lura cewa bayanin ya taƙaita ne ga Ingila kawai, domin sauran sassan Birtaniya, wato Sikotlan da Wales da Ailan ta Arewa, kowanne yana da nasa tsarin. Misali, ɗan Sikotlan da ke digiri na farko a gida ba ya biyan kuɗin makaranta.

3.1 Ma'ana da Asalin Kwalejojin Aikin Gona

A Ingila ana kiran waɗannan makarantu da wani suna da ke nufin "kwalejojin sana'o'in da suka dogara da ƙasa". An zaɓi wannan suna ne domin abin da suke koyarwa ya wuce noma da kiwo. Akwai aikin lambu, da kula da gandun daji, da kiwon kifi, da renon dawaki, da jinyar dabbobi, da gyaran injinan gona, da kuma kula da filayen wasanni. Kowace kwaleji tana da gonarta da garkenta da taraktocinta, kuma mafi yawansu suna cikin karkara ne, nesa da manyan birane. Suna da ƙungiya guda da take magana da yawunsu, mai suna Landex.

Wadda ta fi daɗewa a cikinsu ita ce Kwalejin Aikin Gona ta Masarauta da ke garin Cirencester, wadda aka kafa a shekarar 1845. Ta daɗe tana zaman makarantar kuɗi, inda 'ya'yan masu manyan gonaki da 'ya'yan sarauta suka fi yawa. Sai a shekarar 2001 ta fara karɓar kuɗin gwamnati, kuma ta zama jami'a a 2013. Akwai kuma Harper Adams da ke lardin Shropshire, wadda aka buɗe a 1901 da dukiyar da wani manomi mai suna Thomas Harper Adams ya yi wasiyya da ita, ita ma ta zama jami'a a 2012.

Sauran kuwa mafi yawansu majalisun larduna ne suka kafa su. A shekarar 1890 majalisar dokoki ta ware wani kaso daga harajin barasa ta miƙa wa larduna, aka ba su damar kashe shi wajen koyar da sana'o'i. A cikin shekarun da suka biyo baya ne aka samu makarantu irin su Writtle a lardin Essex a 1893, da Myerscough a Lancashire a 1894, da Newton Rigg a arewa maso yamma a 1896, da kuma Sparsholt ta lardin Hampshire a 1899. Larduna sun ci gaba da riƙe kwalejojinsu har zuwa lokacin da dokar 1992 ta cire su daga hannunsu, ta mayar da kowace mai cin gashin kanta daga watan Afrilu na 1993. Wannan 'yanci yana da muhimmanci ga abin da zai zo a gaba, domin tun daga lokacin kowace kwaleji ita ke ɗaukar ribarta da hasararta.

Ɗaliban waɗannan kwalejoji sun kasu gida biyu:

a) Matasa 'yan shekara 16 zuwa 18, masu neman takardar shaidar sana'a bayan sakandare. Waɗannan ba sa biyan kuɗin makaranta, gwamnati ce take biya musu.

b) Masu karatun digiri na farko, ko ƙaramin digiri na shekara biyu wanda aka ɓullo da shi a 2001. Waɗannan su ne dokokin kuɗin makaranta suka shafa kai tsaye.

3.2 Tarihin Kuɗin Makaranta

3.2.1 Zamanin Karatu Kyauta, 1962 zuwa 1997

Dokar ilimi ta shekarar 1962 ta wajabta wa hukumomin ilimi na larduna su biya wa duk ɗalibin da ya samu gurbin digiri na farko kuɗin makaranta, su kuma ba shi kuɗin guzuri gwargwadon ƙarfin iyayensa. Abin nufi da kuɗin guzuri a nan shi ne kuɗin ci da sha da masauki da littattafai, wanda kyauta ne, ba a mayarwa. A shekara ta gaba, wato 1963, rahoton kwamitin Robbins ya kafa ƙa'idar cewa duk wanda ya cancanta kuma yake so, to a ba shi gurbi. Sai dai a wancan zamani masu zuwa jami'a 'yan ƙalilan ne, shi ya sa baitulmali ya iya ɗaukar nauyin. Da yawan ɗalibai ya ƙaru, sai gwamnati ta tsayar da ƙarin kuɗin guzuri, ta shigo da tsarin rance a shekarar 1990.

3.2.2 Shigowar Biyan Kuɗi, 1998 zuwa 2011

Kwamitin Dearing ya miƙa rahotonsa a 1997, inda ya ba da shawarar cewa masu cin moriyar digiri su ɗauki wani ɓangare na nauyinsa. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta Firayim Minista Tony Blair ta yi doka a 1998, aka sa kuɗin makaranta fam 1,000 a shekara, ana biya tun farkon zango. Talakawa ba su biya komai ba, masu matsakaicin ƙarfi sun biya wani ɓangare, masu hali kuwa suka biya duka. Amma kuma a daidai wannan lokaci aka soke kuɗin guzuri, aka maye gurbinsa da rance.

Sauyi mafi girma ya zo ne da dokar 2004, wadda da ƙyar ta tsallake karatu na biyu a majalisar wakilai, da ƙuri'a 316 a kan 311. Dokar ta ba makarantu damar karɓar kuɗi har fam 3,000 a shekara daga 2006, amma ɗalibi ba zai biya daga aljihunsa ba. Kamfanin rance na gwamnati ne zai biya makarantar, shi kuma ɗalibin ya riƙa biya bayan ya kama aiki. An kuma dawo da kuɗin guzuri, wanda ya kai fam 2,700 ga mafi talauci. Domin kwantar da hankalin masu tsoron cewa kuɗin zai kori 'ya'yan talakawa, sai aka kafa wani ofishi na tabbatar da adalci wajen shiga manyan makarantu, wanda aka fi sani da OFFA.

3.2.3 Daga 2012 zuwa 2025

Bayan rahoton kwamitin Browne na watan Oktoba 2010, gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta ɗaga iyakar kuɗin zuwa fam 9,000. Majalisa ta amince ranar 9 ga watan Disamba 2010 da ƙuri'a 323 a kan 302, alhali dubban ɗalibai suna zanga-zanga a titunan Landan. Sabon kuɗin ya fara aiki a 2012. A lokaci guda kuma gwamnati ta janye mafi yawan kuɗin koyarwa da take bai wa makarantu kai tsaye, ta bar ɗan kaɗan ga darussa masu tsada kamar likitanci da kimiyya da aikin gona. Wato ke nan, makarantu ba su samu ninki uku na kuɗin shiga ba kamar yadda mutane da dama suka zata. Abin da ya faru shi ne an sauke nauyin daga kan baitulmali an ɗora wa ɗalibi.

A shekarar 2016 aka sake soke kuɗin guzuri ga sababbin ɗalibai, aka mayar da shi rance. A 2017 iyakar kuɗin makaranta ta koma fam 9,250, kuma ta tsaya a nan shekara takwas, duk da tsadar kayayyaki da ta addabi ƙasar, musamman a 2022 da 2023. Sai a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 aka ƙara ta zuwa fam 9,535. A watan Satumba na 2025 gwamnati ta ba da sanarwar cewa za ta dawo da kuɗin guzuri ga ɗalibai marasa ƙarfi a wasu zaɓaɓɓun darussa.

3.3 Yadda Ake Biyan Bashin

Fahimtar yadda ake biyan wannan bashi ita ce mabuɗin fahimtar sauran bayanin. Ba a bin wanda ya kammala karatu ko kwabo sai albashinsa ya haura wani adadi, daga nan sai a riƙa cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya haura ɗin, tare da haraji. Ga waɗanda suka shiga a 2006, adadin ya fara ne daga fam 15,000, kuma ana yafe ragowar bashin bayan shekara 25. Ga waɗanda suka shiga a 2012, ya fara daga fam 21,000, ana yafewa bayan shekara 30. Waɗanda suka shiga daga watan Agusta na 2023 kuwa, an sa musu fam 25,000, kuma ba za a yafe ba sai bayan shekara 40.

Misali, idan mai kula da garken shanu yana samun fam 30,000 a shekara a ƙarƙashin tsarin 2023, abin da ya haura iyaka shi ne fam 5,000. Kashi 9 cikin 100 na wannan shi ne fam 450 a shekara, wato fam 37 da rabi a wata. Ko bashinsa fam 30,000 ne ko fam 60,000, abin da za a cire masa a wata bai sauya ba. Yawan bashin yana shafar tsawon shekarun biya ne kawai.

Daga wannan za a fahimci abubuwa biyu. Na farko, kuɗin makaranta ba ya hana ɗalibi yin rajista, tunda ba a neman ya zo da shi a hannu. Na biyu, ɗan talaka shi ya fi fita da bashi mai yawa, domin tun daga 2016 shi ne yake cin rancen guzuri mafi girma. Bugu da ƙari, bashin yana ɗauke da kuɗin ruwa, abin da ya sa wasu ɗalibai Musulmi suke ƙaurace masa. David Cameron ya yi alkawarin samar da tsarin da babu ruwa a ciki tun a 2013, dokar 2017 ta ba da ikon yin haka, amma har zuwa 2025 tsarin bai fara aiki ba.

3.4 Ire-iren Tallafin Karatu

Tallafin karatu kuɗi ne da ake bai wa ɗalibi saboda rashin ƙarfinsa, kuma ba ya mayarwa. Ya bambanta da sikolashif, wanda aka fi bayarwa saboda hazaƙa. A kwalejojin aikin gona ana samun ire-ire kamar haka:

3.4.1 Tallafin Kwaleji

Wannan shi ne wanda kwaleji take cirewa daga kuɗin makarantar da ta karɓa. A tsarin 2006, duk makarantar da ta karɓi cikakken fam 3,000 dole ta bai wa ɗalibin da ke samun cikakken kuɗin guzuri aƙalla fam 300, domin cike giɓin da ke tsakanin 2,700 da 3,000. Mafi yawan makarantu suna amfani da abin da gidan su ɗalibi yake samu a shekara a matsayin ma'auni, kuma fam 25,000 ita ce iyakar da aka fi amfani da ita.

3.4.2 Shirin Sikolashif na Ƙasa

An fara shi a 2012 domin rage raɗaɗin ƙarin kuɗi. Da farko kowane ɗalibin da aka zaɓa yana samun abin da ya kai fam 3,000, amma tsabar kuɗi ba ta wuce fam 1,000, sauran kuwa rangwamen kuɗin makaranta ne ko na masauki. An soki shirin da cewa rangwamen kuɗin makaranta ba ya sa ko kwabo a aljihun ɗalibi, kuma ɗalibi ba ya sanin ko zai samu sai bayan ya riga ya nemi gurbi. An daina shi ga masu digiri na farko a 2015.

3.4.3 Tallafin Matasa 'Yan Shekara 16 zuwa 19

Daga 2004 gwamnati ta riƙa bai wa matasa 'ya'yan talakawa alawus da ya kai fam 30 a mako domin su ci gaba da karatu. An soke shi a Ingila a 2011, aka kawo wani asusu mai ƙarancin kuɗi wanda kwaleji ce take rabawa bisa ga yadda ta ga buƙata. Waɗanda suka fi rauni, kamar yaran da suka tashi a hannun hukuma, suna iya samun har fam 1,200 a shekara. Akwai kuma asusun tallafin masauki, wanda kwalejojin aikin gona ne suka fi cin moriyarsa, saboda darussansu ba a samunsu a kowane gari.

3.4.4 Tallafin Gidauniyoyi da Kamfanoni

Sana'ar noma tana da gidauniyoyi da dama masu taimakon ɗalibai. Misali, akwai gidauniyar Studley, wadda aka kafa da dukiyar wata kwalejin koyar da mata aikin lambu da noma da aka rufe a 1969. Haka kuma kamfanonin injinan gona da na abinci sukan ɗauki nauyin ɗalibi, su ba shi wurin koyon aiki. Sai dai irin wannan tallafi yakan fi faɗawa hannun ɗalibin da ya riga ya san harkar, wanda zai iya yin magana a gaban masu tantancewa a kan gonar da ya taɓa aiki.

3.5 Yarjejeniyar Buɗe Ƙofa

Hausawa kan ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan shi ne ruhin dokar 2004. Duk makarantar da take son karɓar kuɗi sama da mafi ƙarancin adadi, wanda ya kasance fam 1,200 a 2006 da fam 6,000 a 2012, dole ta rubuta yarjejeniya ta miƙa wa OFFA. A ciki za ta bayyana nawa za ta karɓa, da nawa za ta kashe a kan tallafi da wayar da kai, da kuma burin da take son cimmawa. Idan ofishin bai amince ba, makarantar ba ta da ikon karɓar kuɗin sama.

A jagorar da OFFA ta fitar domin tsarin 2012, an nemi makarantar da ke da ƙarancin 'ya'yan talakawa ta kashe kimanin kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ya haura fam 6,000, wadda kuwa take da su da yawa ta kashe kimanin kashi 15. Wato a kan kowane ɗalibi mai biyan fam 9,000, ana sa ran a ware tsakanin fam 450 da fam 900. A shekarar 2018 aka rushe OFFA, aka miƙa aikinta ga sabon ofishin kula da ɗalibai, wato OfS, wanda dokar 2017 ta kafa. Sabon ofishin ya faɗaɗa abin da ake nema, ya zamana ana duba shigar ɗalibi, da zamansa har ya kammala, da sakamakonsa, da kuma aikin da ya samu daga baya.

Wani bincike da OFFA ta wallafa a 2010 ya nuna cewa girman tallafi bai sauya makarantar da 'ya'yan talakawa suke zaɓa ba. Wannan ya sa aka riƙa matsa wa makarantu su rage tallafin tsabar kuɗi, su ƙara kashewa a kan zuwa makarantun firamare da sakandare. Kwalejojin aikin gona sun bi wannan hanya ta gayyatar yaran birni su ga gona, da shirya kwanakin gwaji, da kafa rumfuna a wuraren baje kolin amfanin gona. Amma ya kamata a lura cewa binciken ya auna zaɓen makaranta ne kawai. Bai auna halin ɗalibin da ya shiga sannan kuɗin haya ya fi ƙarfinsa a tsakiyar zango ba.

3.6 Matsalolin da Suka Keɓanta ga Kwalejojin Aikin Gona

3.6.1 Tsadar Koyarwa

Malami ɗaya yana iya koyar da ɗalibai ɗari biyu tarihi ko shari'a a zaure guda. Amma koyar da tuƙin tarakta ko sare itace da zarto mai inji ko karɓar haihuwar tunkiya ba ya yiwuwa sai da ɗalibai kaɗan, saboda haɗari. Shanu suna buƙatar abinci da magani da mai tatsa ko da ɗalibai suna hutu. Duk da haka iyakar kuɗin makaranta ɗaya ce ga kowa. Gwamnati tana ba da ƙarin kaso saboda tsadar darasi, amma kwalejojin sun daɗe suna kukan cewa bai kai abin da suke kashewa ba. Saboda haka duk fam ɗin da aka ware wa tallafi, daga tukunyar da ake ciyar da gona aka ɗebo shi. Babbar jami'a mai dubban ɗalibai da tsofaffin ɗalibai masu dukiya ba ta jin wannan kamar yadda ƙaramar kwaleji take ji.

3.6.2 Nisa da Masauki

Ɗan birni yana iya zama gidan iyayensa ya yi digiri a jami'ar garinsu. Wanda yake son karatun noma kuwa ba shi da wannan zaɓi, domin kwalejin tana bayan gari, motocin haya na karkara kaɗan ne, kuma aikin garke yana farawa tun da asuba. Don haka ko dai ya kama ɗaki a makaranta ko ya mallaki mota. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, rancen guzuri mafi girma ga ɗalibin da ke zaune a wajen gida, ba a Landan ba, shi ne fam 10,227, kuma daga ciki zai biya haya da abinci da takalman aiki da rigunan kariya. Daɗin daɗawa, a ƙauye babu yawan kantuna da gidajen abinci da ɗalibi zai yi aikin wucin gadi da yamma kamar yadda ɗaliban birni suke yi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

3.6.3 Shekarar Koyon Aiki

Digiri da yawa na aikin gona, kamar na Harper Adams, suna ɗaukar shekara huɗu, domin ɗalibi yana yin shekara guda a gona ko kamfani. A wannan shekara ba a karɓar fiye da kashi 20 cikin 100 na kuɗin makaranta, wato fam 1,850 lokacin da iyakar take fam 9,250. Wannan shekara tana taimakawa ƙwarai wajen samun aiki, amma tana buƙatar ɗalibi ya sake ƙaura, kuma sau da yawa sai yana da lasisin tuƙi.

3.6.4 Ma'aunin Talauci

Hukuma ta daɗe tana amfani da wani ma'auni mai suna POLAR, wanda ya kasa unguwanni gida biyar bisa yawan matasansu masu zuwa manyan makarantu. A birni wannan yana da ma'ana, domin unguwar talakawa daban take da ta masu hali. A karkara kuwa gidan lebura yana maƙwabtaka da gidan attajiri, sai ma'aunin ya nuna yankin ba shi da matsala, ɗan leburan ya ɓace a cikin lissafi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka ƙara da wasu ma'aunai, kamar ko ɗalibi ya ci abincin makaranta kyauta yana yaro.

Haka kuma ana auna abin da gida yake samu ne a shekara, ba a auna dukiyar da ya mallaka. Manomi mai babbar gona wanda shekara ta yi masa muni yana iya faɗawa ƙasa da fam 25,000, alhali lebura da matarsa masu ƙananan albashi biyu sun haura ta. Iyakar ta fam 25,000 kuwa ba a taɓa ta ba tun 2008 har zuwa 2025, saboda haka duk shekara wasu gidaje suna fita daga cikinta ba tare da sun yi arziki ba.

3.6.5 Gado da Alaƙa da Ƙasa

A darussan noma tsantsa, 'ya'yan manoma ne suka fi yawa, kuma 'ya'yan baƙaƙen fata da na 'yan Asiya, waɗanda mafi yawansu mazauna birane ne, ba su da yawa. A darussan dawaki da jinyar dabbobi kuwa mata ne suka rinjaya. Yaron da ba shi da gadon gona yakan tambayi kansa inda zai yi noman bayan ya gama, domin ƙasa tana da tsada, kuma ƙananan gonakin da majalisun larduna suke bai wa sababbin manoma haya sun ragu ƙwarai saboda sayarwa. Wannan kuwa yana faruwa ne a ƙasar da ƙidayar 2016 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu riƙe da gonaki sun kai shekara 65 ko sun haura.

3.7 Rufewa da Haɗewar Kwalejoji

Duk tallafin da aka tsara ba shi da amfani idan babu makarantar da za a shiga. Kwalejin Seale-Hayne ta lardin Devon ta rufe a 2005. Kwalejin Wye ta lardin Kent, wadda ta haɗe da Kwalejin Imperial ta Landan a 2000, ta rufe a 2009. A 2019 kwalejin Hadlow, ita ma a Kent, ta zama ta farko da aka sa a ƙarƙashin sabuwar dokar kwalejojin da bashi ya durƙusar. A 2024 Writtle ta haɗe da Jami'ar Anglia Ruskin.

Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne na Newton Rigg da ke kusa da garin Penrith, a yankin Cumbria mai tsaunuka da kiwon tumaki. Kwalejin Askham Bryan da ke kusa da birnin York ta karɓe ta a 2011, sannan ta rufe ta a watan Yuli na 2021, bayan an yanke cewa ba za ta iya riƙe kanta ba. An sayar da filayenta, kodayake gidauniyar Ernest Cook ta sayi gonar tudu ta Low Beckside domin a ci gaba da koyarwa a cikinta. Mafi yawan ɗaliban wurin matasa ne waɗanda dama ba sa biyan kuɗin makaranta. Mai hali a cikinsu zai iya tafiya wani lardi ya kama ɗaki, marar hali kuwa zaɓinsa ya ƙuntata.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin asalin kwalejojin aikin gona na Ingila, da yadda kuɗin makaranta ya tashi daga fam 1,000 a 1998 zuwa fam 9,535 a 2025, da yadda ake biyan bashin, da ire-iren tallafi, da kuma yarjejeniyar da doka ta ɗora wa kowace kwaleji. An ga cewa tsarin rance ya kawar da buƙatar zuwa da kuɗi a hannu ranar rajista, amma ya bar ɗan talaka da bashi mafi yawa. An kuma ga cewa an gina tsarin tallafi ne bisa yanayin manyan jami'o'in birni, shi ya sa bai cika dacewa da ƙaramar kwaleji mai ciyar da garke a ƙauye ba. Daga abin da ya gabata, buɗe ƙofar waɗannan makarantu ya rataya ne a kan abubuwa huɗu: tallafin masauki da sufuri da zai isa, da ma'aunin talauci mai duba gida maimakon unguwa, da hanyar samun gona ko aiki ga wanda bai gada ba, da kuma isasshen kuɗin da zai hana kwalejojin su kansu durƙushewa.